Yadda ake daskarar da tawada, fentin sheƙi da gam da hasken UV har ƙasa

Tawadar UV, wato wadda hasken UV da ido ba ya gani ke daskarar da ita, ba ta bushewa da iska. Ka shafa ta a kan roba ka ajiye a ɗaki mai duhu, bayan mako guda za ka same ta da danƙonta, domin yawancinta babu ruwa ko tina a ciki da zai tashi. Abin da ke cikinta shi ne oligoma, wanda shi ne ƙashin bayan fatar da za ta samu, da monoma mai tsinka ta, da launi, sai wani sinadari ɗan kaɗan mai jin haske, wato makunni. Da haske ya bugi makunni sai ya fashe, ya sa ƙwayoyin monoma da oligoma su sarƙe da juna, ruwa ya koma abu mai tauri cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Inda haske bai kai ba, tawada na nan ɗanya. Ɓarewa, wari, yamutsewa, manne wa juna idan an jera aiki, kusan duka daga nan suke tasowa.

Fitila ta dace da tawada tukuna

Kowane makunni da irin hasken da yake ji, kuma ana bambanta hasken da tsawon zangonsa a nanomita, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. UVC yana ƙasa da 280, UVB daga 280 zuwa 315, UVA daga 315 zuwa 400, sai abin da ya ɗan haura 400 wanda ido ya fara gani. Gajeren zango a sama yake ƙarewa, shi ke ba fuskar aiki tauri da santsi. Dogon zango shi ke ratsawa ya kai ƙasa, inda tawada ke kama jikin abin da aka buga.

Fitilar zaiba ta asali, mai alamar H, tana fitar da kusan dukkansu, da ƙarfi a wajen 254, 313 da 365. Ita ce ta fentin sheƙi mara launi da tawada marar kauri. Wadda aka haɗa wa ƙarfe, mai alamar D, ƙarfinta ya taru tsakanin 350 da 400, ta fi dacewa da baƙar tawada, shafi mai kauri da gam. Wadda aka haɗa wa galiyam, mai alamar V, ƙarfinta ya haura 400, kuma farar tawada ce babbar mai buƙatarta: farar hodar titaniyam da ke ciki tana tare kusan duk abin da ke ƙasa da 400, sai wanda ya haura ne ke samun hanyar shiga.

Fitilar LED zango ɗaya siriri take fitarwa, 365 ko 385 ko 395 ko 405, babu UVC ko kaɗan. Tawadar da aka haɗa don fitilar zaiba, idan makunninta na gajeren zango ne, ba za ta daskare yadda ya kamata a ƙarƙashin LED 395 ba, komai rage gudun da ka yi. Tawadar LED kuwa yawanci takan daskare a fitilar zaiba. Saboda haka kafin ka saya, nemi takardar bayanin tawadar, ka duba irin fitilar da adadin hasken da take so. Kwalbar da ba ta da wannan takarda, komai sauƙin kuɗinta, a bar wa mai ita. Araha ba ta ado, kuma hed ɗin firinta guda, wato kan da ke fesa tawada, ya fi kuɗin tawadar watanni.

Lambobi biyu da ake aunawa

Na farko ƙarfin hasken da ke sauka a kan aiki, ana auna shi da wat a kan murabba'in santimita, W/cm². Na biyu jimlar hasken da aikin ya sha daga shigarsa ƙarƙashin fitila zuwa fitarsa, ana auna shi da mJ/cm², inda mJ 1,000 suke J ɗaya, wato wat ɗaya na daƙiƙa ɗaya. Jimla ita ce ƙarfi sau lokaci.

A ce kana da LED mai ƙarfin 8 W/cm², faɗin tagarta milimita 20, bel yana gudun mita 30 a minti. Mita 30 a minti shi ne milimita 500 a daƙiƙa, ke nan kowane wuri a kan aikin yana shan haske na daƙiƙa 0.04. Ka ninka 8 da 0.04, ka samu 0.32 J/cm², wato 320 mJ/cm². Idan ka kai gudun mita 60, jimla ta faɗo 160, amma ƙarfi na nan a 8. Idan kuwa ka ɗaga fitilar sama, ƙarfin ne zai ragu. Wannan lissafin takarda ne, na gaskiya yakan ɗan bambanta, amma yana nuna maka inda za ka taɓa.

Lambar da aka rubuta a jikin fitilar zaiba, 80 ko 120 W/cm, wutar da take ci ce a kowace santimita ta tsawonta. Ba ta gaya maka abin da ke sauka a kan takarda. Tsohuwar fitila tana cin wutarta cif, tana haskawa fes a ido, alhali UV ɗinta ya ragu sosai. Ido ba ya ganin UV, don haka mitar auna UV ce kaɗai shaida. Ana ɗora ta a kan bel ta wuce kamar aiki. A auna ranar da aka sa sabuwar fitila, a hagu da tsakiya da dama, a rubuta lambar da gudun bel a manna jikin inji, sannan a maimaita kowane mako a wannan gudun dai. Mitar da aka yi don fitilar zaiba tana ba da lambar ƙarya a kan LED, sai an nemi wadda ta dace da zangon. Wanda ba shi da halin mita ya sayi takardun gwaji masu sauya launi. Ba su kai mita daidaito ba, amma suna nuna raguwa.

Kada a ɗauka cewa ƙaramin haske na dogon lokaci daidai yake da babban haske na ɗan lokaci, ko da jimlarsu ta zo ɗaya. Dalilai biyu ne, kauri da iska.

Kauri

Kowane maikuron na tawada, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, yana cin rabonsa na haske kafin ya miƙa saura ƙasa. A ce maikuron 5 na farko ya shanye rabi. A zurfin 10 saura kashi ɗaya cikin huɗu, a 15 ɗaya cikin takwas, a 20 ɗaya cikin goma sha shida. Ka ga ke nan ninka kauri ba ninka lokaci kawai yake buƙata ba, akwai kaurin da hasken ba zai taɓa kai wa ƙasansa da ƙarfin da zai kunna komai ba. Sai a samu abin da ke faruwa da ƙosai idan wuta ta yi yawa: waje ya soyu, ciki ƙullu. Saman tawadar ya yi fata, fatar ta ja jikinta a kan ruwan da ke ƙasa, aiki ya yamutse. Ko kuma ya fito da kyau, sai ka sa farce ya ɓare gaba ɗaya, ƙasan yana danƙo yana wari.

Maganinsa rage kauri kafin ƙara wuta. A bugun raga, tawadar UV tana son raga mai laushi, zare 140 zuwa 165 a santimita, da robar ja mai tauri mai kaifin baki. Ragar da ake buga riga da ita ta yi mata faɗi da yawa. A firinta mai shimfiɗa, a rage iyakar tawada a manhajar buga aiki, musamman inda launuka huɗu suka taru a baƙi mai duhu. Idan ana son fari mai rufewa sosai, a buga shi sau biyu marasa kauri, a daskarar da kowanne, maimakon sau ɗaya mai kauri.

Launuka ba ɗaya suke ba. Majenta ta fi sauƙi. Baƙi yana shanye komai, fari yana tarewa yana mayarwa, rawaya kuma tana cin hasken wajen 395, shi ya sa take ba da wahala a LED. Launin da aka haɗa da fari da baƙi, kamar toka ko ruwan ƙasa, yakan fi kowannensu taurin kai. A saita gudun inji a kan launi mafi wuya a cikin aikin.

Iska

Kashi 21 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa oksijin ce, kuma tana kashe sarƙewar tawadar akirilet, wato tawadar UV da aka fi amfani da ita, a daidai fuska. Alamarta akasin ta kauri ce: ƙasa ya kama da kyau, sama yana ɗan danƙo, yatsa yana barin shaida, sheƙi ya dusashe. Ƙaramin haske ba ya iya rinjayar oksijin, domin tana shigowa da sauri fiye da yadda ake cinye ta. Abin da ke aiki shi ne ƙara ƙarfi a lokaci guda: a sauko da LED zuwa tazarar da maƙerinta ya ce, a dawo da fitilar zaiba daidai inda madubinta ke tattara haske, a goge gilashin fitila. A fitilar zaiba UVC ne ke fara raguwa idan ta tsufa ko ƙura ta hau ta, don haka danƙon sama shi ne gargaɗin farko. Manyan masana'antu suna hura naitirojin a ƙarƙashin fitila don korar oksijin.

Wasu sukan ƙara makunni da ka, da tunanin zai ƙara sauri. Idan ya wuce kima sai ya tare haske a sama ya hana ƙasa, ya ƙara wari, fentin sheƙi ya yi rawaya.

Akwai wani jinsin tawadar UV na ifoksi wanda oksijin ba ta damunsa. Yana kama ƙarfe da kyau, ba ya jan jiki sosai, kuma yana ci gaba da tauri bayan ya bar fitila, don haka ba a yanke masa hukunci sai bayan awa 24. Danshi ne abokin gabansa, da damina sai an rage gudu. Kada a haɗa shi da na akirilet, ko a yi amfani da kayan aiki ɗaya ba tare da wankewa ba.

Idan tawada ta daskare amma ba ta kama ba

Nan laifin ba na fitila ba ne. Ledar PE da robar PP da ba a yi wa komai ba suna da ƙarfin fuska, wato yadda fuskar ke karɓar ruwa ya shimfiɗu, wajen 29 zuwa 31 a ma'aunin dain, tawadar UV kuwa tana son 38 aƙalla, 42 zuwa 44 ya fi. Ana gwadawa da alƙalamin dain: ka ja layi da mai lamba 38, idan ya zauna shimfiɗe na daƙiƙa biyu fuskar ta kai, idan ya tattare ya zama ɗigo-ɗigo ba ta kai ba. Gyaran shi ne korona, wato wuce da fuskar ƙarƙashin tartsatsin lantarki, ko wuce da harshen wuta da sauri, ko firaima, wato shafin farko da ke taimaka wa tawada kamawa. Koronar da aka yi a masana'anta tana raguwa da zama, zafi kuma yana hanzarta hakan, don haka naɗin da ya daɗe a sito a sake gwada shi. Gilashi, tayil da ƙarfe mai santsi suna son firaima nasu.

A goge fuska da sifirit na IPA da tsumma marar gashi, gefe ɗaya, kada a yi ta zagaye. A yi hattara da akirilik ɗin da aka yanka da leza, IPA yana tsattsaga bakinsa. Lokacin hunturu iska ta bushe, ɓare ledar da ke jikin akirilik yana tara lantarkin da ke jawo ƙura yana karkatar da ɗigon tawada, sai ka ga hazo a gefen rubutu. A ɓare ledar da wuri, a goge da tsumma mai ɗan danshi ko a sa sandar kashe lantarkin.

Gwaji da samun gudun da ya dace

Ka buga samfuri da yawa a kan ainihin abin da za ka yi aiki da shi. Ka fara a hankali, kana ƙara gudu mataki-mataki, har gwaji ya fara faɗuwa. Daga wannan gudun ka rage kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari, nan za ka zauna. Ratar ita ce za ta ɗauki tsufan fitila da sauyin wuta.

A bar samfurin ya huce kafin gwaji. Ka danna babban yatsa da ƙarfi ka murɗa, kada ya bar shaida. Ka jiƙa tsumma da IPA ko tinar MEK ka goga gaba da baya, kana ƙirga zuwa inda launi ya fara fita, ka riƙe wannan adadin don kwatanta aikin gobe. Sai gwajin salatif, wanda ma'aunin ISO 2409 ya tsara: layi shida da reza har ƙasa, wasu shida a gicciye, tazarar milimita 1 ga shafin da bai wuce maikuron 60 ba a kan abu mai tauri, milimita 2 ga 61 zuwa 120. Ka manna salatif ka danne, ka cire. Ka duba salatif ɗin da kyau, a nan amsar take. Idan abin da ya ɓaro yana danƙo ta ƙasa, haske bai kai ba. Idan ya ɓaro busasshe ƙarau ya bar fuska tas, shirin fuska ne ya gaza. A ƙarshe ka haɗa biyu fuska da fuska, ka ɗora nauyi su kwana, ka ga ko sun manne.

Wuce kima ma ɓarna ne. Tawada takan yi ƙarau ta tsage a wurin naɗi ko yanka, launi na biyu ya ƙi hawa kan na farko, leda marar kauri ta lanƙwashe saboda zafi.

Kula da fitila

Fitilar zaiba mai lantarki a baki biyu tana yin awa 1,000 zuwa 2,000. A canza ta idan mita ta nuna ta sauko zuwa kashi 70 ko 75 na sabuwarta, ko da tana ci. Bakunanta ne ke fara baƙi, shi ya sa gefen aiki ke fara ƙin daskarewa kafin tsakiya. Jikinta yana kai maki 600 zuwa 800 na Salshiyas. Maiƙon yatsa yana ƙonewa a kai ya bar tabo fari wanda ba ya fita, don haka a riƙe ta da safar hannu mai tsabta, a goge da IPA tana sanyi. Doguwar fitila a riƙa juya ta rubu'i lokaci-lokaci don kada ta lanƙwashe. Madubin da ke bayanta shi ke turo fiye da rabin hasken da ke kai wa aiki, kuma shi aka fi mantawa. Sabuwar fitila a dusasshen madubi asarar kuɗi ce.

Tana buƙatar mintuna kaɗan ta kai ƙarfinta, kuma idan ta mutu da zafi ba ta sake tashi sai ta huce. Kowace kunnawa tana rage mata kwana. Inda wuta ke yawan ɗaukewa, gara a fara dogon aiki a kan janareta tun farko, da sitabilaiza, domin raguwar wuta raguwar UV ce kai tsaye. Idan wuta ta ɗauke fanka ma ta tsaya, zafin da ya rage yana iya lalata madubi, don haka fankar ta cancanci inbata. Sanyaya ta fiye da kima ma yana rage haskenta.

LED tana iya haura awa 20,000, ba ta jiran ɗumi, amma zafi ne ke cin ta. A watannin bazara a duba matatar iska da ruwan sanyaya kullum. Da damina kada a saita ruwan ya yi sanyin da raɓa za ta taru a jikinta. Hazon tawada yana daskarewa a gilashinta, a kankare a hankali a goge. Layi ɗaya siriri mai danƙo a tsawon aiki yana nufin wasu ƙwayoyin LED ɗin sun mutu.

Hasken rana ma yana da UV. Firintar da ke kallon ƙofa tana iya toshe hed. A ajiye tawada a baƙar kwalba, a wuri mai sanyi, a girgiza fara kafin amfani.

Gam

Dole ɗaya daga cikin abubuwan da za a haɗa ya bar haske ya wuce. Gilashi na yau da kullum yana barin 365. Gilashi mai leda a tsakiya, da polikabonet, da akirilik ɗin da aka yi wa kariyar rana, suna tare yawancin UV, sai gam mai jin 405. Ka sa mita a ƙarƙashin abin ka auna abin da ya wuce.

A goge da IPA, a ɗumama gilashin da iska mai zafi don korar danshin da ido ba ya gani, a bar shi ya huce. A zuba gam ya cika wurin ba kumfa, kada a matse shi har ya gudu. A haska kaɗan ya tsaya, a share abin da ya tsatso, sannan a ba shi cikakken haske. Fitilar ta rufe tsawon haɗin gaba ɗaya a lokaci guda, in ba haka ba wani sashe ya ja kafin wani, gilashi ya ɗauki matsi. Tsayawar farko ba ita ce cikar ƙarfi ba: a yi samfura da lokuta daban-daban a karya su, inda ƙarfi ya daina ƙaruwa a ɗora rubu'in lokacin a kai. Gilashi da ƙarfe ba sa buɗewa daidai da zafi, a zaɓar musu gam mai ɗan laushi.

Masu gyaran waya, irin na kasuwar Farm Centre a Kano, suna fama da inuwa. Baƙin gefen gilashin waya yana tare haske, gam ɗin da ke ƙarƙashinsa ya zauna ruwa, daga baya ya malala cikin lasifika ko fitilar bayan sikirin. A toshe ramuka kafin zubawa, a haska ta gefuna huɗu bayan an haska ta sama. A masana'anta ana amfani da gam mai daskarewa ta hanya biyu, haske da zafi ko haske da danshi, don irin waɗannan lungunan.

Kwalin abinci da lafiyar ma'aikaci

Makunni da monoman da ba su sarƙe ba suna iya ratsa kwali, ko su koma cikin naɗi daga fuskar da aka buga zuwa wadda za ta taɓa abinci. A watan Nuwamban 2005 an janye madarar jarirai ta Nestlé a Italiya da wasu ƙasashen Turai bayan an samu makunnin ITX daga tawadar kwalin a cikinta. Tawadar allon talla ba ta kwalin abinci ba ce, akwai wadda aka haɗa musamman don wannan.

UV yana ƙona ido irin ƙunar masu walda, kuma ciwon ba ya tasowa sai bayan awa 6 zuwa 12, ido ya yi ja kamar an zuba yashi. A rufe duk inda haske ke tsiyaya, a sa tabarau mai tare UV da riga mai dogon hannu. Ɗanyar tawada ba ta bushewa a fata, tana nan tana shiga, kuma wanda jikinsa ya fara ƙin akirilet yawanci ba ya rabuwa da abin. A sa safar hannu ta naitiril, a canza ta da ta ɓaci, a wanke fata da sabulu da ruwa, ban da tina ko fetur, kada kuma a fita rana da tawada a jiki. Fitilar zaiba tana haifar da iskar ozon mai kaifin wari, bututunta ya fita waje. Idan ta fashe, a kashe inji, a fitar da mutane, a buɗe tagogi, bayan wurin ya huce a kwashe da kwali da salatif cikin kwalba mai murfi, ban da tsintsiya da injin zuƙar ƙura. Ragowar tawada da tsummokaran da suka jiƙe a shimfiɗa su marar kauri a haska su taurare kafin a zubar, kada a zuba ɗanyarta a kwata.